Yadda ake neman diyyar ma'aikacin da bugun zuciya ya same shi a bakin aiki

Idan inji ya datse wa ma'aikaci yatsu, ko tsani ya zame da shi ya karye a ƙafa, ba a tsayawa dogon musu a kan cewa aiki ne ya ji masa rauni, domin ga jini a ƙasa, ga injin, ga kuma waɗanda abin ya faru a kan idonsu. Amma idan mutum ya dafe ƙirji yana tsakiyar aiki, gumi ya karyo masa, ya sulale ya faɗi, abin da aka fi ji daga bakin masu kamfani, har ma da danginsa, shi ne dama yana da hawan jini, ko kuma kwana ne ya ƙare. Babu mai musun cewa rai da ajali a hannun Allah suke. Sai dai wannan magana, duk da gaskiyarta, ta sha zama sanadin da mata da marayu suka rasa haƙƙin da doka ta tanadar musu, ba don an hana su ba, sai don ba wanda ya tashi nema a lokacin da hujja take a hannu. Neman diyyar bugun zuciya ya fi na kowane rauni wuya, kuma yawanci a cikin sa'o'i da kwanakin farko ake samun nasararsa ko a yi asararsa, tun kafin a cike fom ko ɗaya.

Dokar da kuma waɗanda ta shafa

A Najeriya, dokar da ke kula da wannan lamari ita ce Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Disamba na wannan shekara, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ce ke riƙe da asusun da ake biyan diyyar daga cikinsa, hedikwatarta tana Abuja, tana kuma da ofisoshi a jihohi, ciki har da Kano da Kaduna. Kowane mai ɗaukar ma'aikata, na gwamnati ne ko mai zaman kansa, wajibi ne ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata, kuma sashe na 14 ya haramta masa cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Dokar ba ta tsaya kan masu takardar aikin dindindin ba, ta haɗa da ɗan wucin gadi, da mai koyon sana'a, da mai aikin rabin yini, har da ɗan aikin gida matuƙar ba ɗan gidan ba ne. Sojoji ne kawai aka ware, ban da fararen hular da ke aiki tare da su. Wanda yake aiki a Jamhuriyar Nijar kuwa, hukumar kula da inshorar ma'aikata ta ƙasar, wato CNSS, zai nufa, kuma ƙa'idojinta da wa'adinta daban ne da waɗanda za a ambata a nan.

Babban abin da ya kamata a riƙe shi ne, wannan tsari ba ya neman a tabbatar da laifin kowa. Ba a bukatar ma'aikaci ya nuna cewa ubangidansa ya yi sakaci. Abin da sashe na 7 ya nema shi ne raunin ko mutuwar ta samo asali daga aikin, ko ta auku a yayin gudanar da shi. Sashen ya ma haɗa da hatsarin da ya auku a hanya tsakanin wurin aiki da gida, ko wurin da ma'aikaci ya saba cin abinci, ko inda ya saba karɓar albashi.

Inda gizo ke saƙar

Bugun zuciya, a yadda likitoci ke nufi, yana faruwa ne idan ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke kai wa tsokar zuciya jini ta toshe. Kitse yakan yi shekaru yana taruwa a bangon jijiyar, rana ɗaya sai ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta rufe, ɓangaren tsokar da ke gaba ya fara mutuwa. Saboda haka kusan duk wanda abin ya sama yana da wata tsohuwar matsala a jiki, ko hawan jini, ko ciwon suga, ko yawan kitse a jini, ko shan taba. Wannan ce ƙofar da ake bi a ce ciwon daga gida ya zo da shi. Ƙari a kan haka, jerin cututtukan sana'a da ke jadawalin farko na dokar bai ambaci bugun zuciya da sunansa ba, don haka ba za a ɗauka kai tsaye cewa aiki ne ya jawo shi ba. Mai nema ne zai nuna alaƙar.

To amma tsohon ciwo ba ya kashe da'awa, kuma wannan fahimta ta daɗe a shari'ar ƙwadago. A 1910, kotun ƙoli ta Birtaniya a wancan zamani, wato Majalisar Iyayen Ƙasa, ta yanke hukunci a ƙarar da ke tsakanin kamfanin Clover, Clayton da Hughes. Wani ma'aikaci ne mai kumburi a babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, yana ɗaure noti da sifana, jijiyar ta fashe, ya faɗi ya mutu. Likitoci sun ce jijiyar ta riga ta lalace har tana iya fashewa ko yana barci, duk da haka aka ba iyalinsa diyya, domin yunƙurin da ya yi a bakin aiki ya taimaka wajen fashewar a wannan lokaci. Tambayar da ake yi ke nan har yau: ciwon ne shi kaɗai ya kayar da shi, ko ciwon ne da aikin suka haɗu? Dokarmu ma ta san da wannan, domin ta ce idan sabon rauni ya hau kan tsohuwar naƙasa, ana biyan diyya gwargwadon abin da za a iya jinginawa ga sabon. Wato tsohon ciwo yana iya rage kuɗin, amma ba dalili ba ne na rufe ƙofa.

Abubuwan da ake jingina alaƙar da su sanannu ne a wurin likitoci. Na farko shi ne aikin ƙarfi mai tsanani, musamman wanda ya wuce abin da mutum ya saba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1993 ya gano cewa haɗarin bugun zuciya yana ninkawa kusan sau shida a cikin sa'a ɗaya bayan irin wannan aiki, kuma abin ya fi muni ga wanda jikinsa bai saba da wahala ba. Akwai firgici ko tashin hankali na farat ɗaya, kamar maigadin da 'yan fashi suka ritsa, ko direban da ya tsallake rijiya da baya a hanya. Akwai tsananin zafi da ƙarancin ruwa a jiki, wanda duk wanda ya taɓa shiga sito mai rufin kwano a watan Afrilu ya san shi. Akwai shaƙar hayaƙin janareta a rufaffen wuri, domin iskar gubar da ke cikinsa tana hana jini ɗaukar iskar da zuciya ke bukata. Sannan akwai doguwar gajiya. A 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako, kuma mai irin wannan aiki ya fi mai aikin sa'o'i 35 zuwa 40 haɗarin mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17 cikin 100. Japan ta daɗe da shata layi a kan wannan, inda ƙarin aiki na sa'o'i 100 a watan da ya gabaci ciwon, ko kimanin sa'o'i 80 a kowane wata na tsawon wata biyu zuwa shida, ake ɗaukarsa hujja mai ƙarfi. Wannan ba dokarmu ba ce, amma ta nuna irin lissafin da ya kamata mai nema ya zo da shi a rubuce.

Sa'o'in farko

Kafin maganar diyya, rai ake ceto. Wanda ya ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce 'yan mintuna, yana sauka zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi, ga tashin zuciya ko sarƙewar numfashi, a zaunar da shi, a daina ce masa ya daure ya ƙarasa, kuma kada a ɓata lokaci a kemis da sunan gyambon ciki ne. A kai shi asibitin da ke da na'urar ECG, wadda ke zana yadda zuciya ke aiki a kan takarda, a kira lambar gaggawa ta 112 idan babu mota. Idan yana cikin hayyacinsa, kuma asfirin ba ya ba shi matsala, likita bai taɓa hana shi ba, ana iya ba shi ƙwaya ɗaya mai miligiram 300 ya tauna. Idan ya faɗi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har a samu taimako.

A asibitin ne ake aza harsashin da'awa, kuma mutane da yawa ba su sani ba. Bayanin farko da likita ko nas ya rubuta a fayil ya fi duk wanda za a zo da shi daga baya nauyi, saboda an rubuta shi ne a lokacin da babu wanda ke tunanin kuɗi. A ɗauki misalin lebura a wani sito a Sharada, unguwar masana'antu a Kano. Tirela ta iso da rana tsaka, mutum shida ya kamata su sauke ta, uku ne suka zo, foman ya ce dole a gama kafin la'asar, shi kuwa ya yi sa'a biyu yana jidar buhuna masu kilo 50 kafin ya ajiye na ƙarshe ya durƙusa. Idan abokin aikinsa da ya raka shi ya ce wa likita kawai, "Ƙirjinsa ne ke ciwo," abin da za a rubuta ke nan. Idan kuwa ya ce, "Likita, yana tsakiyar sauke kaya ne, tun ƙarfe sha biyu yake ɗaukar buhu a cikin rana, wajen ƙarfe biyu ya faɗi, don Allah a rubuta haka," to fayil ɗin ya zama shaida. Saboda haka wanda ya ga abin da idonsa shi ya fi dacewa ya bi mara lafiya asibiti, ba wanda aka kira a waya daga gida ba.

A tabbata an yi gwaje-gwajen da ke nuna cewa bugun zuciya ne, kuma an karɓi kwafinsu. ECG ana so a yi shi cikin mintuna goma da isa. Takardarsa irin mai dusashewa ce, bayan 'yan watanni sai a ga layukan sun ɓace, don haka a ɗauke ta hoto da waya, a kuma yi mata fotokwafi tun tana sabuwa. Gwajin jini na tiroponin yana da muhimmanci na musamman, domin sinadarin yana fara hawa ne 'yan sa'o'i bayan tsokar zuciya ta ji rauni, ya ci gaba da hawa, sannan ya sauka a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan aka auna shi sau biyu ko uku aka rubuta lokacin kowane awo, likita yana iya ƙiyasta lokacin da ciwon ya fara, wato ko a bakin aiki ne ko tun daren jiya a gida. Hoton zuciya na eko kuma shi zai nuna girman ɓarnar, wanda da shi ake auna naƙasa daga baya. Katin asibiti, rasit na magani, takardar sallama, duk a zuba su a jaka ɗaya.

Idan rai ya yi halinsa

Nan ne wurin da ya fi ciwo, kuma nan ne aka fi yin asara. A al'adarmu da addininmu ba a jinkirta jana'iza. Mutum yakan rasu da hantsi, kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, kuma babu wanda zai so a ce a canza wannan. Amma sau da yawa daga wurin aiki ake wucewa da gawa gida kai tsaye, ba tare da likita ya gan ta ba, sai a wayi gari babu takarda ko ɗaya da ta ce ga abin da ya kashe shi, ga lokacin, ga wurin. Tsayawa a asibiti na sa'a ɗaya ko biyu domin likita ya duba, ya tabbatar da rasuwar, ya rubuta daga inda aka kawo shi da abin da yake yi, ba ya hana a yi jana'iza a ranar. Ina roƙon duk wanda ya zama babba a irin wannan rana, wa ne ko ƙane ko kawu, ya dage a kan wannan, domin matar mamacin ba ta cikin halin da za ta tuna.

A kuma duba abin da aka rubuta a takardar sanadin mutuwa. Yawanci akan rubuta cewa zuciya da numfashi ne suka tsaya, alhali kowane mamaci zuciyarsa ta tsaya, wannan bai bayyana komai ba. A nemi likita, cikin ladabi, ya rubuta ainihin abin da yake gani ya jawo tsayawar, gwargwadon abin da bincikensa ya nuna. Idan mutumin ya rasu kafin a yi masa wani gwaji, binciken gawa ne hujja mafi ƙarfi. Na san yadda zukatanmu ke ƙyamar wannan, kuma shawara ce da iyali kaɗai za su yanke, bayan sun tuntuɓi malamin da suka amince da shi. Abin da ya wajaba a sani shi ne, idan an bar shi, sai an ninka ƙoƙari wajen tattara sauran shaidu. Bayan haka a yi rajistar rasuwar a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a karɓi takardar shaida.

Sanarwa da wa'adi

Sashe na 4 ya ba ma'aikaci, ko iyalinsa idan ya rasu, kwana 14 su sanar da mai aikin. Kwana 14 kuwa ba komai ba ne a gidan makoki: a yi zaman kwana uku, a yi sadakar bakwai, baƙi na nesa suna ta zuwa gaisuwa, kafin a farga wa'adi ya wuce. Don haka tun a rana ta biyu a wakilta mutum ɗaya mai natsuwa ya riƙe wannan aiki. Sanarwar ba ta bukatar lauya. Dokar ta nemi sunan ma'aikaci, da lokaci da wurin da abin ya faru, da bayanin ciwon da sanadinsa cikin magana ta yau da kullum. A rubuta ta kwafi biyu, a kai wa manaja ko ofishin kula da ma'aikata, a sa wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafin da za a koma da shi gida. Zuwan manaja ta'aziyya ba ya maye gurbin takarda. Gaskiya ne dokar ta ba hukumar damar yafe rashin sanarwa idan mai aikin ya riga ya sani, ko idan adalci ya bukaci haka, amma bai kamata a jingina haƙƙin marayu da afuwar da ba a da tabbacinta ba.

Shi kuma mai aikin, sashe na 5 ya wajabta masa kai rahoto ga NSITF cikin kwana 7, idan mutuwa ce kuma nan take, kuma ƙin yin haka laifi ne. Kada a tsaya ga alkawarin baki. Bayan mako ɗaya a je ofishin hukumar mafi kusa a tambaya ko rahoton ya iso, a kuma tambaya ko kamfanin yana da rajista yana biyan kasonsa. Rajista nauyi ne da ke wuyan mai aiki, ba ma'aikaci ba, amma idan aka tarar babu ita, lamarin zai yi tsauri, kuma lokacin neman lauya ya yi.

Takardar neman diyyar kanta ana shigar da ita ne a fom ɗin hukumar, da sa hannun ma'aikaci ko na wanda ke ƙarƙashin kulawar mamacin, cikin shekara ɗaya daga ranar da abin ya faru. Idan akwai uzuri na musamman, sashe na 6 ya ba da dama har zuwa shekara uku. Shawarata ita ce a manta da shekarar, a shigar kafin wata shida, domin sashe na 12, wanda ya yi magana a kan zaɓi tsakanin karɓar diyya da shigar da ƙara a kotu, wata shida ya ambata, kuma ba a haɗa biyun a kan abu ɗaya. Mace mai takaba tana wata huɗu da kwana goma a gida, idan aka ce sai ta fita za a fara, saura ƙasa da wata biyu. Ana iya kawo mata fom har ɗaki ta sa hannu, wakili ya yi zirga-zirgar.

Wani abu da ke faruwa a wannan tsakani shi ne a zo da ambulan na kuɗi da sunan gudummawa, tare da wata takarda a ce a sa hannu. Karɓar gudummawar jana'iza ba laifi ba ne. Sa hannu a kan abin da ba a karanta ba shi ne kuskure. Sashe na 13 ya ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci zai yi da ubangidansa ta yafe diyya ba ta da inganci, ya kuma haramta wa mai aiki yin amfani da barazana, ko alkawari, ko lallashi, domin hana ma'aikaci ko iyalinsa kai rahoto ga hukumar.

Tattara shaidar aiki da rahoton likita

Abokan aiki suna da tausayi a makon farko, amma kowa yana tsoron abincinsa, kuma bayan wata biyu sai ka ji wanda ya tallafe shi da hannunsa yana cewa bai tuna ba. Saboda haka a nemi mutum biyu ko uku su rubuta abin da suka gani tun da wuri, ko da Hausa ne, kowa ya sa hannu da kwanan wata. A nemi kwafin rajistar shiga da fita, da jadawalin aikin dare, da takardun albashi na aƙalla wata shida da ke nuna ƙarin sa'o'i. Direba yana da takardar tafiya da ta lodi. Saƙonnin waya da na WhatsApp da shugabansa ya riƙa turo masa da tsakar dare, ko wanda ya nemi hutu aka hana shi, kada a goge su, kada kuma a ba yaro wayar mamacin. Idan akwai kyamarar tsaro a wurin, a rubuta takarda a nemi a adana hoton ranar, domin irin waɗannan na'urori suna share tsohon hoto da kansu bayan ɗan lokaci. Wakilin ƙungiyar ƙwadago, inda take, ya fi ɗan'uwa sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Duk waɗannan za a kai wa likitan zuciya, a roƙe shi rahoto. Likita ba ya wurin lokacin da abin ya faru, abin da aka ba shi da shi zai yi aiki, don haka a ba shi cikakken bayani: nauyin kayan, tsawon lokacin, yanayin zafi, sa'o'in da mutumin ya yi a makonnin baya, da mintunan da ke tsakanin aikin da fara ciwon. Rahoton da ke da amfani shi ne wanda ya faɗi cutar, ya faɗi gwajin da ya tabbatar da ita, sannan ya bayyana ra'ayin likitan ƙarara a kan ko aikin ya jawo ciwon, ko ya gaggauta shi, ko ya tsananta shi, tare da dalili. Kada a ɓoye hawan jini ko ciwon suga. Hukumar tana iya neman tsohon fayil, tana kuma iya tura mai nema gaban likitocinta, kuma ƙarya ɗaya tana rushe gaskiya goma. Hasali ma tsohon kati da ke nuna mutum yana shan maganinsa, awon jininsa yana daidai, yana aikinsa lafiya har zuwa wannan rana, hujja ce a gare shi. Idan kuma tashin hankali ne ko matsin aiki ya gabaci ciwon, a ambaci sashe na 8, wanda ya amince da diyya a kan damuwar da ta biyo bayan mummunan lamari na ba-zata, ko wadda ta samo asali daga sauya wa ma'aikaci aiki ta yadda ya fi ƙarfinsa.

Abin da ake biya

Wanda ya rayu yana da haƙƙin kuɗin magani da kulawa, da taimakon komawa bakin aiki. Idan ciwon ya hana shi aiki gaba ɗaya har abada, ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Idan ya rage masa ƙarfi ne kawai, misali ɗan dako ya koma mai gadin ƙofa da ƙaramin albashi, ana biyansa kashi 90 na abin da aka ƙiyasta ya rasa. Idan mutuwa ce, sashe na 17 ya ba matar da ke dogaro da shi mai 'ya'ya biyu ko fiye kashi 90 na albashinsa duk wata, mai ɗa ɗaya kashi 85, wadda ba ta da ɗa kuma ta kai shekara 50 ko tana da naƙasa kashi 60. Ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, kashi 90 ya kama Naira 63,000 ke nan a wata. Kason yara yana ci gaba har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. A rubuta sunan kowace mata da kowane ɗa a fom, a haɗa da takardun aure da na haihuwa, haka nan iyayen da mamacin ke ciyarwa.

Akwai wani haƙƙi na daban da bai kamata a haɗa shi da wannan ba. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa masu aikin da ta shafa su yi wa ma'aikatansu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Wannan ana biyansa ne idan mutum ya rasu yana cikin aiki, ba tare da an tambayi ko aikin ne sanadi ba, haka ma kuɗin da ya tara a asusun fanshonsa. Ko da an ƙi biyan diyya, waɗannan biyun suna nan.

Idan aka ƙi biya

Ƙin biya a karon farko ba abin mamaki ba ne a da'awar bugun zuciya. A nemi dalilin a rubuce, domin shi zai nuna gurbin da za a cike. Sashe na 55 ya ba da kwana 180 daga ranar hukuncin a nemi hukumar ta sake dubawa, ita ma tana da kwana 180 ta ba da amsa. Kada a mayar da takardun farko kawai. Idan an ce babu alaƙa, a je da ƙarin rahoto daga likitan zuciya a asibitin koyarwa wanda ya amsa dalilin ƙin ɗaya bayan ɗaya. Idan an ce an makara, a je da kwafin sanarwar nan mai sa hannu da kwanan wata. Idan har hukumar ta tsaya a kan bakanta, mataki na gaba shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Kano da Kaduna da Jos da wasu biranen. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya fara da ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a na jiharsa, ko reshen ƙungiyar ƙwadago ta NLC, ya tafi da jakar takardunsa gaba ɗaya, amma ya bar kwafin kowace takarda a gida.